Lemo mai ɗaci: tambayoyi da amsoshi kan Bitter Lemon, ruwan tonik da haɗin Chapman

Na daɗe ina haɗa abin sha na biki da suna da buɗa-baki a nan Kaduna, kuma a cikin kwalaben da nake jibgewa a kula babu wadda ke jawo min tambaya kamar Bitter Lemon. Abin har mamaki yake ba ni. Mu da muka tashi da goro a aljihu, gauta a faranti, shuwaka a miya, ai ba baƙin ɗaci ba ne. Amma da an ce ga lemon kwalba mai ɗaci, sai wani ya ce magani ne, wata ta ce ai na mashaya ne, wata kuma ta rantse shi aka halatta wa mai ciwon suga. Ga tambayoyin da aka fi yi min, da abin da nake amsawa.

Anti, wai mene ne Bitter Lemon ɗin nan? Ba Sprite ba ne aka sauya wa kwalba?

A'a. Sprite da 7Up ruwa ne garau, gas da sukari da ƙamshin lemon tsami. Shi kuwa Bitter Lemon an ƙara masa abu biyu: ɗan ruwan lemon tsami, wanda ke sa ka gan shi dishi-dishi kamar ruwan wankin shinkafa, da kuma kwinin, maganin zazzaɓin nan, mai ɗacin. Kamfanin Schweppes ne ya fito da shi a Ingila a 1957. A kasuwarmu yanzu akwai na Schweppes, akwai Teem, akwai Bigi, manyanmu kuma suna tuna Krest.

Yana da 'yan'uwa biyu da ake yawan rikita shi da su. Ruwan tonik yayansa ne: gas da sukari da kwinin, babu ruwan lemo. Ruwan soda kuma ba zaƙi ba ɗaci, gas ne kawai da ɗan gishiri-gishiri. In kin aiki yaro shago, rubuta masa sunan a takarda. Ni an taɓa dawo min da kiret guda na ruwan soda ana saura awa ɗaya a kawo amarya.

Akwai giya a ciki? Na ga a otal ana jera shi kusa da kwalaben barasa.

Babu ko ɗigo. Lemon kwalba ne kamar sauran. Abin da ya ja masa zargi shi ne abokan zamansa: a ƙasashen Turai an fi sayen sa don a sirka barasa da shi, shi ya sa kwalbarsa ta can ƙarama ce, daidai kofi guda. Amma ai Coca-Cola ma ana sirka barasa da ita, ruwan sanyi ma haka, ba wanda ya ce sun haramta.

Inda ake buƙatar buɗe ido shi ne abin da aka riga aka haɗa aka sa a gwangwani. Akwai masu kama da lemo sak, har da hoton lemon tsami a jiki, alhali da barasa a ciki. Duba takardar da ke jikinsa. In ka ga lamba da alamar kashi cikin ɗari an rubuta "alc" ko "vol" a gefenta, wannan ba lemo ba ne.

To su masu haɗa shi da wiski, yaya suke yi, kuma me ya sa sai shi?

Wannan al'adar mutanen Birtaniya ce da Amurka da Japan, kuma haɗin bai da wani sirri. Doguwar tambulan ake cikawa da ƙanƙara, a zuba wiski kamar mililita 45 zuwa 50, a bi shi da lemon mai ɗaci ninki biyu ko uku, a juya sau ɗaya, a jefa yankan lemon tsami. Duk wani haɗi irin wannan, barasa kaɗan da ruwa mai gas da yawa a doguwar tambulan, suna kiransa haibol. Japanawa sun mayar da shi abin shan cin abinci, su da ruwan soda suka fi yi.

Dalilin zaɓen ɗaci kuwa yana cikin yadda ake yin wiskin. Daga hatsi ake tace shi, a ajiye shi cikin gangar katakon oak. Dokar Sikotland ta ce sai ya shekara 3 a ganga kafin a kira shi nasu, kuma ƙarfinsa ba ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Na Amurka da ake kira bourbon dole masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsinsa, gangarsa kuma sabuwa ce da aka babbake cikinta, shi ya sa yake ɗaukar ɗan zaƙi-zaƙi da ƙamshin banila. In aka ƙara masa lemo mai zaƙi zalla sai abin ya gundure baki. Ɗaci da tsami su ke yanke wannan zaƙin. Dabarar da mai miya ke yi ce in manja ya yi yawa, ta nemi abin da zai karya shi.

Ni ba na haɗawa, ba na kuma karɓar aikin da za a haɗa. Abu ɗaya dai da ya kamata ko waye ya sani: sukari da sanyi da gas suna ɓoye zafin barasa, sai mai sha ya ga kamar lemo yake kurɓa alhali abin da ya shiga cikinsa bai ragu ba. Matashin da aka miƙa wa kofi a wani taro aka ce "ai lemo ne kawai", yana da haƙƙin ya ce a buɗe masa kwalba a gabansa.

Daga ina kwinin ɗin ya fito, har ya shiga lemo?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa, don labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Kwinin daga ɓawon wata bishiya ake samun sa, sinkona, wadda asalinta tsaunukan Andes ne a ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. A ƙarni na 17 limaman Katolika suka kai garin ɓawon Turai a matsayin maganin zazzaɓi. Sai a 1820 wasu masana magunguna biyu a Paris, Pelletier da Caventou, suka ware sinadarin da ke aikin daga cikin ɓawon, aka samu damar auna shi daidai.

A wancan lokacin zazzaɓin cizon sauro ne katangar da ta tsare Turawa a bakin teku. A 1841 Ingila ta turo jirage su hau kogin Neja, Turawa kusan 40 suka mutu da zazzaɓi, tafiyar ta watse. A 1854 aka sake turo wani jirgi mai suna Pleiad, jagorancinsa ya faɗa hannun wani likita ɗan Sikotland, William Balfour Baikie. Shi ya dage kowa ya riƙa shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya kama shi. Suka hau Neja, suka shiga Binuwai, suka yi wata kusan huɗu a ruwa, suka dawo ba a binne kowa ba. Baikie ɗin nan daga baya ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, har Kano ya je a 1862. A Lakwajar nan kuma Lugga ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, shekara uku bayan nan aka ci Kano da Sakkwato. Ban ce kwinin ne ya ci ƙasar Hausa ba, bindiga ce, amma mai riƙe bindigar sai yana tsaye da ƙafarsa.

Matsalar kwinin ita ce ɗacinsa ya fi na maɗaci. Sojoji da ma'aikatan Ingila a Indiya sai suka riƙa jiƙa shi da sukari da ruwan soda don ya haɗiyu, wasunsu su ƙara barasar jin. Ruwa mai gas a kwalba dama ya riga ya samu: Jacob Schweppe, wani mai gyaran agogo, ya fara sana'ar a Janeba a 1783, ya koma Landan a 1792. A 1858 wani Erasmus Bond ya yi rajistar ruwan tonik na sayarwa, Schweppes kuma ya fito da nasa a shekarun 1870. Wato magani ne aka yi wa sukari, daga baya aka rage maganin aka bar sukarin.

Bishiyar ma ta yi yawo. Mutanen Holan suka dasa ta a tsibirin Jaba na Indonesiya, har ya zama kusan duk kwinin duniya daga can yake fitowa, kafin Japan ta kama tsibirin a 1942. Yau gabashin Kwango, wajen Bukabu, na cikin manyan wuraren nomanta.

Wani abin wasa ga yara: in kana da fitilar nan mai shuɗin haske ta duba jabun kuɗi, haska kwalbar tonik da ita a cikin duhu. Za ka ga ruwan ya ɗauki wani shuɗi mai ƙyalli. Kwinin ne ke yin haka.

Ke nan in zazzaɓi ya kama ni zan iya shan kwalba biyu in huta?

Kada ka soma. Lissafin ma a fili yake. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙayyade kwinin a lemo kada ya wuce miligiram 83 a lita guda, a Turai iyakar 100 ce. Babban mutum da aka ɗora a kan kwinin kuwa yakan sha kimanin miligiram 600 duk bayan awa 8, har kwana 7. Wato sai ka shanye sama da lita 7 kafin ka kai shan magani sau ɗaya, ka maimaita sau uku a rana. Kafin kwinin ya taɓa ƙwayar cutar, sukari ya riga ya kayar da kai.

Na san dalilin da ya sa ake yarda da zancen. Mai zazzaɓi bakinsa ba daɗi, komai salam yake ji, sai abu mai sanyi da tsami da ɗan ɗaci ya wartsakar da shi. Jin daɗin baki ne kawai. A je a yi gwaji, a sha maganin da aka rubuta.

Hajiyarmu na da ciwon suga, ta ce shi ne lemon da ya dace da ita tunda mai ɗaci ne.

Wannan ita ce fahimtar da ta fi ba ni tsoro, kuma na ji ta a bakin mutane masu ilmi. A wajenmu ɗaci da magani tagwaye ne, shuwaka da darbejiya da tazargade suka koya mana haka. Amma a nan ɗacin ba ya nufin babu sukari. Akasin haka ma, don a iya shan kwinin ake zuba sukari, ɗacin kuma sai ya rufe zaƙin, harshe ya kasa ƙirga abin da ya sha.

A duba jikin kwalbar, ana rubuta giram nawa ne a mililita 100. Don kwatance, Coca-Cola na da giram 10.6, wato kwalbar santilita 35 ta kai giram 37, cokalin shayi tara ke nan. Lemon mai ɗaci da yawa ba su yi nisa da haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babba mai lafiya ma kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. In Hajiya ɗanɗanon take so, a matse mata lemon tsami a ruwan soda, a murza ɓawon a bakin kofin.

Mai ciki fa? Da wanda ke shan magani?

Hukumar nazarin haɗurran abinci ta Jamus ta ba da shawara tun 2005 cewa mai juna biyu ta bar abin sha mai kwinin. Ni ma abin da nake gaya wa matan da ke tambayata ke nan, tunda ba dole ba ne, ga zoɓo mara ƙarfi ga kunun aya, kowanne dai da izinin ungozomarta ko likita.

Akwai kuma waɗanda jikinsu bai jituwa da kwinin ko kaɗan ne: ƙaiƙayi, ƙuraje, ko jini ya riƙa fita daga dasashi. Wanda ya taɓa shan kwinin a asibiti ya san ƙarar nan da kunne ke yi kamar an kunna rediyo ba tasha. Mai fama da ƙarar kunne, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da mai matsalar bugun zuciya, su tambayi likitansu kafin su mayar da shi abin kullum.

Lemon garehul kuma nasa daban ne, kuma ya fi tsanani. Yana ɗauke da sinadarin da ke hana hanji sarrafa wasu magunguna, sai maganin ya taru a jini fiye da ƙima. Magungunan hawan jini irin nifedipine da felodipine, da na kitsen jini irin simvastatin, suna ciki. Yadda aka gano abin ma da ban dariya: a 1989 wasu masu bincike a Kanada suna gwada yadda barasa ke shafar maganin hawan jini, sai suka sa ruwan garehul don ya ɓoye ɗanɗanon barasar. Da sakamako ya fito, ashe garehul ɗin ne mai laifin. Don haka ba na sa shi a haɗin taron da dattawa za su halarta.

Shi Chapman ai lemo ne zalla, ko?

Nan ne gizo ke saƙa. Chapman namu ne na Najeriya, labarin da aka fi yaɗawa shi ne a Ikoyi Club na Legas aka fara haɗa shi. Kayan haɗinsa na asali su ne Fanta, Sprite, jan sirof na grenadine, kokwamba, yankan lemo, ƙanƙara, da 'yan ɗigo na Angostura. Wannan na ƙarshen shi ne matsalar.

Angostura ƙaramar kwalba ce mai murfi ruwan ɗorawa, takardar jikinta ta fi ta tsawo kamar yaro ya sa rigar babansa. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, da ke aiki da rundunar Simón Bolívar, jagoran yaƙin 'yancin Kudancin Amurka, shi ya haɗa shi a 1824 a garin Angostura na Benezuwela a matsayin maganin ciki. A 1875 iyalinsa suka mayar da sana'ar Tirinidad. Saiwoyi ne da kayan ƙamshi aka jiƙa a barasa, kuma an rubuta a jikinsa: kashi 44.7 cikin ɗari. Ya fi yawancin wiski ƙarfi.

Gaskiya ne ɗigo uku ko huɗu ake sawa, in ka lissafa a babban kofi ba zai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ba kuma zai bugar da kowa ba. Masu sassautawa da wannan suke kafa hujja. Masu tsanantawa kuma suna kawo hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, su ce ai da hannunka ka ɗauki kwalbar barasa ka ɗiga. Ni ba malama ba ce, fatawa tana wajen malamai. Abin da na sani a sana'ata shi ne ba daidai ba ne a miƙa wa mutum kofi ba a gaya masa abin da ke ciki ba. An taɓa yi min haka a wani otal a Abuja, sai da na sha rabi na ji ƙamshin kanumfarin nan na tambaya, ma'aikacin ya ce "ai ɗan magani ne kawai, Hajiya". Tun ranar, in zan yi oda nakan ce a bar min shi ba Angostura. Suna ganewa.

In an cire shi, ai ɗanɗanon ya tafi. Me zan sa a madadinsa?

Abu biyu yake kawowa, ɗaci da ƙamshin kayan yaji, kuma duka biyun suna cikin kicin ɗinki. Hanya mafi sauƙi: ki maye rabin Sprite ɗin da Bitter Lemon. Ɗaci ya samu ke nan.

In kina son ƙamshin ma, ga sirof ɗin da nake yi. Ki wanke lemon zaƙi uku da lemon tsami huɗu da ruwan ɗumi sosai. Ki fere bayan kawai, siriri, mai launin, kada wuƙa ta kai ga farin. Ki zuba ɓawon a kwano da sukari kofi ɗaya, ki murza da bayan cokali ko taɓarya ƙarama har ki ji ƙamshi ya tashi, ki rufe ki bar shi awa uku zuwa huɗu. Da kin buɗe za ki ga sukarin ya jiƙe ya yi sharkaf, ya ɗauki launi, man ɓawon ne ya tsotso. A gefe ki tafasa ruwa kofi ɗaya da kanumfari biyar, ɗanyar citta kamar babban yatsa, kirfa guntu, da ƙimba rabin sili. Minti biyar ya isa. Ki sauke, sai ki jefa farin ɓawon lemon zaƙi guda ɗaya tak, nan ɗacin yake. Ki ɗanɗana bayan minti biyu, in ya yi miki ki tsame shi. Ki juye ruwan a kan sukarin, ki juya ya narke, ki tace da kyalle mai tsabta. A firji yana sati guda lafiya.

Kada a yi karambanin sa ɓawon maɗaci ko garin sinkona wai don a yi tonik na gida. Ba ki da ma'aunin da za ki san ƙarfin abin da kika jiƙa, baƙi kuma ba majinyata ba ne.

To ba mu haɗin naki na Chapman.

Na mutum shida: Fanta kwalba biyu, Sprite ɗaya, Bitter Lemon ɗaya, duk na santilita 35 ko kusa da haka. Sirof ɗin can na sama cokalin miya uku. Ruwan lemon tsami biyu. Kokwamba rabi, a yanka siriri. Lemon zaƙi ɗaya, a yanka da ɓawonsa, a cire 'ya'yan.

Jan launin kuma ni da zoɓo nake yi. Grenadine asalinsa ruwan rumman ne, amma yawancin na kanti yanzu sukari ne da kala. Zoɓo mai kauri rabin kofi, wanda aka dafa ba abarba ba flebo, yana ba da ja mai kyau ya kuma kawo tsaminsa. In kin ga haɗin ya yi zaƙi, ƙara lemon tsami, kada ki ƙara ruwa.

Me ya sa nawa kafin a kai wa baƙi ya zama lami, ba gas?

Gas zafi ne maƙiyinsa, sai motsi. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe shi, don haka komai ya kwana a firji ko cikin ƙanƙara: kwalabe, sirof, zoɓo, har jug ɗin in da hali. Ki fara haɗa marasa gas, ki juya su yadda kike so. Lemon kwalba shi ne ƙarshe, ki karkata jug ɗin ya gangara ta gefe a hankali, ki ɗaga da dogon cokali daga ƙasa sau ɗaya, shi ke nan. Kada ki zuba garin sukari a kan lemo mai gas, zai taso ya yi kumfa ya zube, abin da ya rage kuma ruwa ne.

Ƙanƙara kuma akasin abin da ake zato ne. Mai ƙwauron ƙanƙara shi ke shan tsululu, don 'yan guda biyu nan da nan suke narkewa. A cika kofin, da manyan guda, sai su riƙe junansu. Wannan kam daga masu haɗa haibol aka koya, sun daɗe da gane shi. Kuma a san ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi. Ta bulo da ake saya don sanyaya kwalabe aikinta a wajen kofi yake, ba a ciki ba.

Na haɗa tun dare don in huta da safe, sai na tarar ya yi ɗacin da ba ya shawuwa.

Sannu, ni ma na sha wannan. Wani azumi na yanka lemo da kokwamba na zuba a zoɓo tun bayan sahur, wai ina dabara. Da aka kira magariba, maigidan ya kurɓa ya ajiye kofin a hankali, ya ce "yau kuma jiƙo aka yi mana?" Bokiti guda na zubar.

Farin ɓawo da 'ya'yan lemo suna ta sakin ɗaci muddin suna cikin ruwa. Ruwan lemon da aka matse ma in ya jima yakan ƙara ɗaci da kansa, saboda wani sinadari mai suna limonin da ke fitowa bayan an matse. Sirof da zoɓo za ki iya yi tun jiya. Matsar lemo da yanka shi kuwa sai ana saura minti talatin.

Na ji an ce haɗa lemon kwalba da bitamin C guba ne. Ruwan lemon tsami ai bitamin C ne.

Zancen ya samo asali ne daga hukuncin wata babbar kotu a Legas a 2017, wadda ta umarci NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi a jikin Fanta da Sprite game da shan su tare da bitamin C. Abin da ke bayansa shi ne sinadarin benzowet da ake sawa don kada lemo ya lalace: in ya haɗu da bitamin C, ga zafi ga hasken rana, aka kuma daɗe, yana iya haifar da ɗan benzin, wani sinadari mai cutarwa. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito a lokacin ta ce lemukan ba su wuce ƙa'idar ƙasa ba, ta kuma shawarci mutane su riƙa shan magani da ruwa.

Kofin da aka haɗa da sanyinsa aka shanye cikin minti goma bai samu zafin ba, bai samu lokacin ba. Abin da nake gudu shi ne kiret ɗin da ya yi sati yana shan rana a ƙofar shago. Ko ba don benzin ba, ɗanɗanonsa ya riga ya mutu.

Maigida ba ya son abu mai zaƙi. Akwai wanda zan yi masa na manya?

Akwai, kuma shi na fi so ni ma. Ki dafa baƙin shayi mai kauri, ganye biyu a ƙaramin kofi, minti huɗu, ba madara ba sukari. Ki jefa ɗanyar citta yanka biyu tun yana da zafi, ki bar shi ya huce ya yi sanyi a firji. Ki cika doguwar tambulan da ƙanƙara, shayin kashi ɗaya, Bitter Lemon kashi biyu. Sai ki yanko ɓawon lemon zaƙi kamar faɗin yatsa biyu, ki matse shi a saman kofin bayan yana kallon ruwan. In kin lura da kyau a gaban haske za ki ga man yana fesowa kamar turare. Ki goga shi a bakin kofin ki jefa ciki.

Baurin shayin ne ke ba shi nauyi a baki, ya hana shi zama lemon yara. Yana tafiya da tsire da gasasshen kifi fiye da kowane lemo da na sani. In dare ya yi nisa dai a rage kaurin shayin, in ba haka ba maigida zai kwana yana ƙirga azara.